Bargon Gashin Agwagwa da Audugar Rimi: Abin da Za Ka Duba Kafin Ka Biya

 Ga abin da muka tattauna a shirinmu na kasuwa da kiwo, an sa shi a takarda saboda waɗanda ke bisa hanya ko cikin daji a ranar.

Hunturu ya shigo. Wanda ya kwana a tashar mota a Bawku, ko ya yi sammako da shanu a bayan Yendi, ba sai an gaya masa ba. Da shigowarsa kuwa 'yan gwanjo sun fara kwance dilolin rigunan sanyi da manyan barguna masu cushe, irin na Turai. Za ka ji mai kaya na cewa, "Alhaji, wannan fa ba roba ba ne, gashin agwagwa ne a ciki," sai ya ɗora kuɗi a kai. Tambayoyinku ke nan da suka yi ta zuwa: da gaske ana cusa gashin agwagwa a bargo? In da gaske ne, ya ci kuɗinsa a ƙasa irin tamu? Kuma agwagin nan da ke yawo a bakin kwata cikin zango, me ya hana mu fige su mu ɗinka namu?

Da gaske ne ana yi. Amma kafin mu je can, ka riƙe abu ɗaya, don duk sauran maganar a kansa take. Bargo ba ya ba ka zafi. Zafin daga jikinka yake fitowa, wanda ke tsaye a wajen digiri 37 dare da rana. Aikin bargo shi ne ya hana wannan zafin gudu, kuma abin da ke hana shi gudu iska ce, iskar da aka tsare wuri ɗaya ba ta motsi. Ka lura da kaza da asuba cikin ɗari, yadda take kumbura gashinta ta zama kamar ƙwallo. Ba gashi ta ƙara ba, iska ta tara a tsakaninsa. To haka bargo yake. Wanda ya fi kumbura, ya fi riƙe iska, shi ya fi ɗumi, ko da ka ɗaga shi ka ji shi sakayau. Mu a kasuwa mun saba auna bargo da nauyi, mu ce wannan ya fi nauyi don haka ya fi kyau. A nan wannan ma'aunin yana iya cutar ka.

Gashin da ake magana a kai ba wanda kake gani a fiffike ba ne. Idan ka kama agwagwa ka buɗa gashin ƙirjinta da yatsa, can ƙasa kusa da fata akwai wani lallausan abu kamar auduga, ba shi da tsinken nan mai tauri na tsakiya. Ɗan ƙulli ne ƙarami, siraran zare suna fita daga jikinsa ta kowane ɓangare, kowane zare kuma yana da nasa rassan. Bari mu kira shi audugar agwagwa a nan, don mu raba shi da gashi mai tsinke. Tsuntsayen ruwa ne ke da shi sosai, wato agwagwa da dinya, don su ne ke zama cikin ruwan sanyi. Kaza da zabo ba su da irinsa mai yawa, shi ya sa duk yawan zabin da ake yankawa a arewacin Gana ba ka taɓa jin an yi bargon gashin zabo ba.

Mafi yawan audugar agwagwar da ke kasuwar duniya daga Caina take fitowa, inda ake cin naman agwagwa ƙwarai. Naman ne asalin sana'ar, gashin ragowa ne da ake tarawa a mayanka. Hangari da Polan kuma sun yi suna da ta dinyar gida, wadda ƙullinta ya fi girma, kuɗinta ya fi yawa. Akwai wuraren da aka sha zarginsu da fige tsuntsu da ransa don a samu gashi sau da yawa, abin da Tarayyar Turai ta hana, mu ma addininmu bai yarda da azabtar da dabba haka ba.

Wadda ta fi kowace tsada kuwa, labarinta zai yi wa makiyayi daɗi. A tsibirin Aisilan, can arewa cikin teku mai sanyi, akwai agwagwar daji da ake kira aida. Idan macen za ta kwanta kan ƙwai, da bakinta take tsige audugar ƙirjinta ta shimfiɗa a sheƙa. Manoman wurin ba su yanka ta, ba su ɗaure ta, ba tasu ba ce ma. Gadinta kawai suke yi, su kore mata dila da tsuntsaye masu shan ƙwai, ita kuma ta riƙa dawowa filinsu duk shekara. Sai su ɗebi audugar su sa mata busasshiyar ciyawa a madadin. Sai an haɗa wajen sheƙa 60 kafin a samu kilo ɗaya tsabtatacce, kuma duk ƙasar abin da take tarawa a shekara bai wuce wajen tan 3 ba. Bargo ɗaya nata dubban daloli ne. Don haka in wani ya ce maka yana da irinta a tebur a kasuwar Sinkase, ka yi masa dariya ka wuce.

Abin da ke iso mana nan sauran Turawa ne. Dilolin gwanjo, waɗanda a kudu ake ce wa "obroni wawu" ko "fos", suna sauka a tashar jirgin ruwa ta Tema su nufi Kantamanto a Akra, wasu kuma su sauka a Lome su hauro ta Sinkase su shigo Bawku. Daga Akra da Kumasi lori ke kawo su Tamale, a rarraba zuwa Yendi da Salaga. Dila ɗaya takan kai kilo 45 zuwa 55, an matse ta da inji, an ɗaure da ƙarfe, kuma ba ka ganin cikinta sai ka biya. Duk ɗan gwanjo ya san wannan cacar.

Da ka kwance, fara da 'yar takardar da ke ɗinke a gefen rigar ko bargon. In da Turanci ce, kalmar da kake nema ita ce "down", wato audugar agwagwa. "Feather" gashi ne mai tsinke. In da Faransanci ce, kamar kayan da ke bi ta Togo da Burkina, "duvet" ita ce audugar, "plumes" ko "plumettes" kuma gashi. Sau da yawa za ka ga lamba biyu, misali 90/10 ko 80/20: ta farko kason audugar ne cikin ɗari, ta biyu na gashi. Ka duba da kyau wanne aka fara rubutawa, don akwai barguna da matasan kai masu arha da gashi ne 85, audugar 15 kacal, amma mai sayarwa zai rantse maka da gaskiyarsa cewa na agwagwa ne. Bai yi ƙarya ba, amma ba kayan da kake tsammani ba ne. In ka ga "polyester" ko "hollowfibre", audugar roba ce, babu agwagwa ko ɗaya a ciki. A jikin rigunan masu kyau akan rubuta wata lamba a hannu ko a wuya, 550, 700, 800. Ma'aunin kumburi ne. Yawan lambar, yawan iskar da audugar ke riƙewa.

Takarda tana gogewa, wasu ma an yanke ta. To sai hannu da ido da hanci. Ka dunƙule rigar a hannu ka matse, ka saki. Audugar agwagwa mai rai tana shiga tafin hannu ta zama 'yar ƙarama, sannan ta taso a hankali har ta cika. Wadda ta mutu tana zama a kwance. Roba kuwa ba ta matsuwa sosai, kuma da ka saki take dawowa nan take kamar soso. Ka murza da yatsu biyu: in kana jin tsinke-tsinke suna sukar ka, gashi ya yi yawa. Ka ɗaga ta ka kalli rana ta cikinta. Za ka ga ɗakunan da aka ɗinka, ka ga wanda ke cike da wanda ya zama wayam, ka kuma ga inda abin ya dunƙule ya zama curi-curi saboda an taɓa wanke shi bai bushe ba. Ka shinshina. Ƙarni irin na jiƙaƙƙen kare alama ce ta danshi ya shiga, kuma wannan warin da wuya ya fita. Idan har yanzu kana shakka kuma akwai ɗan ɗinkin da ya ɓalle, zaro kaɗan ka matsa can nesa da kaya ka sa masa ashana. Na tsuntsu yana ƙauri kamar gashin akuya a babbaka, ya zama toka mai murmushewa. Roba narkewa take ta zama ɗan baƙin ƙulli mai tauri.

Yanzu maganar jari. Ni a ganina, babban bargon agwagwa ba kayan da ɗan kasuwa zai zuba kuɗinsa a kai ba ne a nan. Sanyinmu daga Disamba ne zuwa Fabrairu. Dare mai tsanani a Bawku ko Yendi yakan sauko wajen digiri 15, wani lokaci ƙasa da haka kaɗan, da rana kuma a haura 30. Kafin ƙarshen Maris an koma neman inuwa, ana maganar digiri 40. Bargon da aka yi wa ƙasar ƙanƙara, in ka rufa da shi cikin ɗaki a nan, kafin tsakar dare ka jiƙe da gumi ka yar da shi. A jikin barguna na Ingila akwai lamba da ake kira "tog": 4.5 na lokacin zafinsu ne, 10.5 matsakaici, 13.5 na tsakiyar sanyinsu. Abin dariyar shi ne na lokacin zafinsu, 4.5 zuwa 7, shi ya dace da hunturunmu. Shi za ka zaɓa, shi kwastoma zai dawo ya gode maka. Wanda ya rage maka a shago bayan Fabrairu kuwa, kuɗinka ne a kwance wata tara, ga ɓera ga danshi.

Riga dabam ce. Mai babur da ke tashi daga Pusiga ko Garu da asuba don ya cimma ranar kasuwar Bawku, yaran mota da ke zama saman lorin shanu tun daga iyaka har kasuwar Tulaku a Ashaiman, mai gadin dare, masu jiran jirgin fito a Makango: waɗannan iska ke dukansu, kuma rigar agwagwa mai kyau, wadda yadinta na waje ba ya shan iska, ta ci kuɗinta a wurinsu. Ba ta da nauyi, da rana ta fito a cusa ta a 'yar jaka. Ita ma ta roba ba abin rainawa ba ce. Ta fi arha, ta fi jure wanki, tana bushewa da wuri. Laifin kawai a sayar maka da ita a kuɗin ta agwagwa.

Sai agwagin gida. Irin da muka fi kiwo, mai jan fuska da ƙuraje-ƙuraje a gindin baki, wadda ba ta cika kuka ba sai huci, asalinta daga Kudancin Amurka ne, ƙasar zafi. Tana da audugar, amma kaɗan. In ka fige ƙirji da cikin guda ɗaya ka tsince masu tsinke, abin da zai rage bai fi cikin tafi ɗaya ko biyu ba. Babban bargo yana cin rabin kilo zuwa kilo ɗaya. Ka ga ana maganar agwagi gommai ke nan. Gidan da ke yanka huɗu ko biyar a shekara, matashin kai ɗaya zai haɗa, shi ma sai ya gauraya da ƙananan gashi.

Wani zai ce, to in bi kasuwanni in tara wurin masu fige kaji mana, in ma ta kama in ƙetara da buhu in sayo a Togo. Nan ne nake roƙon ku ku tsaya. Murar tsuntsaye mai tsanani, wadda likitoci ke kira H5N1, ta fara bayyana a Afirka a watan Fabrairu na 2006 a wata gonar kaji a jihar Kaduna. Cikin watan nan aka same ta a Magarya ta Nijar, kuma a jikin agwagin gida aka same ta. Ta shiga Burkina a shekarar, ta shigo Gana a 2007 ta wajen Tema, ta sake dawowa a 2015 da 2021. A watan Yuli na 2021 gwamnatin Gana ta hana shigo da kaji da kayan kaji daga maƙwabtan da cutar ta ɓulla. Matsalar agwagwa ita ce tana iya ɗauke da ƙwayar tana yawo lafiya lau, alhali kaza da zabo suna zubewa. Ƙwayar kuma tana daɗewa a jikin gashi, musamman lokacin sanyi. Tana kama mutum ma, ko da yake ba kasafai ba, kuma in ta kama tana kisa: a ƙasar Azarbaijan a 2006 mutane sun mutu bayan sun fige matattun tsuntsayen ruwa na daji don gashinsu. Buhun ɗanyen gashi guda, in ka ajiye shi a tsakar gida, yana iya share maka akurki, ya share na maƙwabta, kafin ma a zo maganar ma'aikatan lafiyar dabbobi su ƙwace shi a iyaka. Gashin da ke cikin rigar gwanjo ba shi da wannan hatsarin, don a masana'anta an wanke shi an kuma gasa shi da tururi mai zafi sama da digiri 100.

In agwagwarka ce ta gida, lafiyayya, kai ka yanka, babu laifi. Tsuntsun da aka tsinta matacce ko aka yi saurin yankawa don yana rashin lafiya, kada a taɓa gashinsa. Mai lafiyar, a fige ƙirjin a bushe tun jikin da ɗumi, kafin a zuba ruwan zafi, a kiyaye jini. A ɗura a jakar yadi a ɗaure, a wanke da sabulu da ruwan ɗumi a cikin jakar sau uku ko huɗu har maiƙon ya fita. Sannan a turara shi kan tukunya, kamar yadda Hajiya ke turara dambu ko tubani, aƙalla rabin awa. A rataye jakar a rana kwanaki, ana girgizawa, har ya bushe ƙarau. Hunturu ya fi kowane lokaci dacewa da wannan. Tela kuma ya nemi yadi mai matsattsiyar saƙa, ya ninka biyu, ya ɗinka ɗaki-ɗaki. In ba haka ba gashin zai riƙa tsirowa ta jikin yadin, sauran ya taru a kusurwa ɗaya.

Iyayenmu makiyaya, ku da kuke kwana a fili, lissafinku ya sha bamban da na mai ɗaki. Abu na farko, yawancin sanyin da ke shiga ƙashin mai kwana a daji ta ƙasa yake shigowa. Audugar agwagwa kuwa da ka kwanta a kanta ta lotse, iskar ta fita, ta zama kamar ƙyalle. Ko jakar barcin nan ta Turawa da ake samu a gwanjo, sama kawai take karewa. Dole sai da shimfiɗa mai kauri wadda ba ta lotsewa: busasshiyar ciyawa ko karan dawa, tabarma a kai, buzu a bisa. Abu na biyu, ruwa. Audugar agwagwa in ta jiƙe manne wa juna take yi, ɗumin ya tafi gaba ɗaya, kuma takan kwana biyu ba ta bushe ba. A Bawku cikin hunturu iska a bushe take, wannan ba damuwa ba ce sosai. Amma masu gangarawa da shanu kudu, ƙasar Gwanja, wajen Salaga da bakin tafkin Bolta da kogin Daka, kun san raɓar can da asuba. Abu na uku, wuta. Yadin waje na waɗannan riguna leda ce. Tartsatsi ɗaya daga wutar ruga ya huda ta, gashin ya yi ta fita, in kuma ta kama sosai narkewa take a jikin fata.

Shi ya sa ban ga abin da ya kai bargon ulu ga makiyayi ba. Ulu ko ya sha raɓa yana riƙe ɗumi, kuma ba ya kama wuta da sauri. Wannan ba sabon ilimi ba ne a wurinku. Fulanin Masina a Mali suna da bargonsu na gashin tumaki da suke kira kaasa, wanda masaƙa ke saƙa wa makiyaya don sanyi da sauro. Zamanin fataucin goro, lokacin da Salaga ke cike da ayarin Kano da Sakkwato, kafin yaƙin basasar 1892 ya watsa garin, irin waɗannan barguna na arewa suna cikin kayan da ke gangarawa har Asante. Can suka zama kayan sarauta, ana ce musu nsaa, ana shimfiɗa su a abin ɗaukar sarki. Mu kuma Hausawa muna da gwado da luru na auduga. Wato tun kafin dila ta farko ta sauka a Tema akwai cinikin kayan sanyi a kan wannan hanyar, daga arewa yake zuwa kudu.

Akwai kuma tamu audugar mai laushi, wadda ke kan bishiya: rimi. Dagwamba na ce masa gunga, Fulani bantaahi, Asante onyina. Duk inda Bahaushe ya daɗe za ka ji sunansa, Kasuwar Rimi a Kano, Rimin Tsiwa a Zariya, Unguwar Rimi a Kaduna, kuma manyansa na nan tsaye a garuruwan Dagwamba da Gwanja. Yana fure cikin hunturu, da dare, jemagu ne ke yi masa barbara. Kowane silin audugarsa bututu ne, cikinsa iska, bayansa kuma da wani maiƙo kamar kakin zuma da ke hana ruwa shiga. Don haka yana da abin da agwagwa ke da shi, wato iska a tsare, ga kuma abin da ba ta da shi, wato ƙin ruwa. Har lokacin yaƙin duniya na biyu da shi ake cusa rigunan ceton masu nutsewa a teku. Mayaƙan Hausa da Barno sun cusa shi a lifidin dawakai. A zamanin mulkin mallaka an dasa shi a bakin hanyoyi a arewacin Togo ana fitar da audugar zuwa Turai, yau kuma Indonesiya da Tailan ne manyan masu sayar da shi. Santsinsa ya sa ba ya kaɗuwa kamar audugar gona, sai dai cushe: matashin kai, katifa, 'yar shimfiɗar sirdi. 'Ya'yan ma ba a zubarwa, matan Dagwamba na yin kantong da su, ɗan'uwan daddawa.

Katifar soso ta kore shi daga ɗakunan amare, wannan gaskiya ne. Amma wanda ya kwana kan soso cikin zafin Afrilu ya san abin da ya rasa, kuma har yanzu tsofaffi da yawa ba su yarda da wani matashi in ba na rimi ba. Ga mai fatauci, sirrin yana wurin lokaci. 'Ya'yan rimi suna ƙosawa bayan hunturu, daga wajen Fabrairu zuwa Afrilu, daidai lokacin da kowa ya daina tunanin sanyi. Ana kaɗo su kafin su fashe, don in suka fashe a sama iska ce ta ci riba. A shanya, a fasa, a zuba audugar a buhu ko ganga a yi ta kaɗawa da sanda har 'ya'yan su zube ƙasa. Kada a yi ganda a nan: 'ya'yan da aka bari a cikin matashi su ne ke kiran ɓera. Mai wannan aikin ya rufe hanci da baki, ƙurarsa tana sa tari da ƙaiƙayin ido. Wanda ya saya a bazara ya adana a busasshen wuri, ya ba tela ya ɗinka kafin Nuwamba, shi ke da kasuwa. Kuma gara ka ɗauke shi a ɗinke, don buhunsa ba nauyi amma yana cin wuri, direba kuwa wuri yake sayar maka.

Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa, rimi ma yana da nasa aibin. Silinsa yana karyewa da daɗewa, matashin ya lotse ya fara ƙura, sai an farke an shanya an ƙara sabo bayan 'yan shekaru. Babban aibinsa wuta. Busasshiyar audugar rimi a buɗe kamar fetur take, ashana ɗaya ta isa, kuma a cikin katifa tana iya ci a ɓoye ba a sani ba. Kada a ajiye buhunsa kusa da murhu, kada a sha taba a kansa, kada a ɗora maganin sauro mai hayaƙi a gefensa.

Tunda mun zo kan wuta, abu biyu na gida. Kurfoti da gawayi a rufaffen ɗaki cikin sanyi yana kashe mutane cikin barci, hayaƙinsa mai kisa ba shi da wari. A fitar da shi kafin a kwanta. Jariri kuma kada a kwantar da shi kan lallausan matashi ko a lulluɓe shi da babban bargo mai cushe, ko na agwagwa ko na rimi. Fuskarsa na iya nutsewa ciki, ba shi da ƙarfin juyawa. A sa masa riga kan riga da hula, a rufe shi da zani zuwa ƙirji.

Idan sanyi ya wuce, yadda ka ajiye kayan shi zai nuna ko za su kai baɗi. Rigar agwagwa a wanke ta da hannu, da sabulu marar ƙarfi, ban da bilic, kada a murɗe ta. A shimfiɗa ta a kwance, ana zuwa ana wargaza curin da yatsu, har sai ka matsa ko'ina ba ka ji sanyin danshi ba. A yi wannan tun cikin Fabrairu ko farkon Maris, iska na bushe. Matashin rimi ba a wanke cikinsa, rigarsa ake cirewa a wanke, shi kuma a buga shi da sanda a bar shi a rana yini guda. Kada a ɗaure ko ɗaya a leda, kada a danne shi ƙarƙashin akwati. Jakar yadi ko tsohon buhun fulawa da aka wanke, a rataye sama da ƙasa, nesa da bango. Mutanen Salaga, damina ta fi tsawo a wurinku, ku riƙa fito da su rana ko sau ɗaya a wata, tun ba ma a Agusta da Satumba ba, in an samu ranar da gari ya buɗe.